Filtar ruwa a RV: abin da ya kamata ka duba kafin ka saya, musamman in kana alwala a cikin motar

Assalamu alaikum jama'a.

Maganar ruwa nake so mu yi yau, ruwan cikin RV, don na lura 'yan uwanmu da ke nan Amurka sun fara shiga harkar sosai, wasu sun saya wasu kuma haya suke ɗauka lokacin hutun yara, amma kusan kowa tambayarsa a kan inji ne da taya da inshora da yawan man da take sha, da wuya kaji wanda ya tambayi ruwan da iyalinsa zasu sha a ciki. Ga waɗanda ke gida da basu taɓa ganinta ba, RV mota ce da aka gina ɗaki a cikinta, da gado da kicin da banɗaki da firij, wata da injinta wata kuma tirela ce da ake ja da fikof, yawancinsu ma a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Kana tafe da gidanka, inda dare yayi maka ka shiga zango ka biya kuɗi su baka fili da wuta da famfo. Toh wannan famfon shine abin dubawa.

Ta hanya biyu ruwa ke shiga motar. Ko dai ka jona tiyo daga famfon zango kai tsaye zuwa bututan motar, ƙarfin ruwan zangon ne ke tura shi, ko kuma ka cika tankin da ke ƙarƙashin motar ka tafi da abinka, wani ɗan injin lantarki mai bolt 12 ya dinga turo maka shi duk sanda ka buɗe famfo. Girman tanki ya danganta da mota, ƙanana galan 20 zuwa 30, manya har su kai galan 100, galan ɗaya kuwa kusan lita 3.8 ne. A gida ruwa ɗaya ka sani, ka saba da ɗanɗanonsa, hukumar ruwan garinku ma duk shekara sai ta fitar da rahoton abin da ke cikinsa. A hanya kuwa yau ruwan birni ne mai warin kulorin, gobe rijiyar burtsatsen mai zango ce a ƙauyen da ko sabis babu, jibi kuma ka samu ruwa jaja-jaja mai ƙarnin ƙarfe wanda ko farar riga baka yarda ka wanke da shi ba.

Dokar ruwan sha ta Amurka ta 1974 ta hau kan zango ma in dai yana ba mutum 25 ruwa na tsawon kwana 60 a shekara, sai dai gwajin da aka wajabta musu bai kai na birni ba, galibi ƙwayoyin cuta ne da naitiret, wani sinadari da takin zamani ke sakawa a ruwa, don an ɗauka kai baƙo ne kwana biyu zakayi ka wuce. Ba wai ina kushe ruwansu bane, mafi yawa lafiya lau yake. Amma tsakanin gwaji da gwaji watanni ne, sannan ba wanda ke zuwa ya gwada bakin famfon da ke filinka, wanda yake can ƙasa-ƙasa taku biyu tsakaninsa da ramin zubar da ruwan masai. Na gani da idona mutum ya gama juye tankin masansa, ya kara bakin tiyon ƙazantar a jikin famfon shan ruwa ya ɗauraye, ya naɗe ya shiga mota ya tafi, kuma da yamma wasu suka zo da yara suka jona nasu tiyon a wurin. Shi yasa ni kafin in jona komai sai na fesa ruwan bilic, ruwan kulorin ɗin nan na wanki, a bakin famfo, in ɗan jira, in buɗe ruwa ya zuba kamar minti ɗaya.

Filtar da kowa ke farawa da ita itace shuɗiyar nan doguwa da ake ɗaurawa a tiyo, wadda zaka gani a rataye jikin kusan kowace mota a zango, mafi shahara ta kamfanin Camco ce, TastePURE, ana samunta a Walmart dala 20 zuwa 30. Garin gawayi ne a ciki da wani haɗin tagulla da tutiya da ake kira KDF, wanda ke rage tsirowar ƙwayoyin cuta a cikin ita kanta filtar. Tana aiki fa, kar wani yace na ce bata aiki. Tana cire warin kulorin, tana tare yashi da tsatsa manya-manya, shayi yana yin daɗi. Matsalar ɗaya ce, mutane suna ɗaura ta su saki jiki su ɗauka sun gama da maganar cuta, alhali ba don haka aka yi ta ba. Ramukanta maikiron 20 ne.

Bari in ɗan tsaya a kan maikiron don duk cinikin a nan yake. Milimita ɗaya in ka raba ta gida dubu, kaso ɗaya shine maikiron. Kaurin silin gashin kai kamar 70 ne. Giardia, ƙwayar da ke sa gudawa mai kumburin ciki wadda masu yawon daji a nan suka sani sarai, kamar maikiron 10 take. Cryptosporidium 4 zuwa 6, kuma ita ko kulorin bata cika jin sa ba, itace ta shiga ruwan famfon birnin Milwaukee a 1993 aka ƙiyasta sama da mutum 400,000 sun kamu. Bakteriya kuma ɗaya ne ko ƙasa da haka, bairos ma ba'a magana. Toh ka auna da kanka, ramin 20 me zai tare a cikin waɗannan.

Ko ka ga an rubuta maikiron 1 a kwali kar ka yi saurin biya, duba kalmar da ke kusa da lambar. In nominal aka rubuta, nufinsu tana tare mafi yawa amma wasu suna wucewa, kuma kowane kamfani da abin da yake kira mafi yawan. In absolute ne toh kusan duka take tarewa. Da yawa basa rubuta ko ɗaya, in ka ga haka ka ɗauka nominal ce.

Sai lambobin NSF, wata ƙungiya ce mai zaman kanta a jihar Mishigan da ke gwada irin waɗannan kaya. Lamba 42 ɗanɗano ne da wari da kulorin kawai, yawancin filtoci masu araha iyakarsu kenan. Lamba 53 itace ta lafiya, dalma da su Giardia da wasu magungunan feshi, amma nan ma sai ka karanta jerin, don filta tana iya samun 53 a kan abu ɗaya bata samu a kan wani ba, in dalma ce damuwarka sai ka ga an ambaci dalma da sunanta. Lamba 58 ta injin RO ce, irin na tace fiya wata, 55 ta fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta da haske. Akwai kuma wayon 'yan kasuwa, wani zai rubuta wai an ƙera da kayan da NSF ta amince da su, wanda robar jikin kawai yake nufi, wani yace an gwada bisa ƙa'idar NSF amma bai faɗi wa ya gwada ba. Sunan samfurin zaka ɗauka ka shiga shafin NSF ko na takwarorinta masu gwaji, WQA ko IAPMO, ka nema, minti biyar ne, in babu shi a can toh maganar bakin mai kaya ce kawai.

Yanzu ga abin da yasa na zauna rubuta wannan, don duk bayanan da ke sama zaka iya ji a bakin kowane Bature mai RV, wannan kuwa mu ya fi shafa kuma su ba zai zo musu a rai ba. Mu sau biyar a rana muke alwala, muna kurkurar baki muna shaƙa ruwa a hanci. Akwai wata ƙwayar halitta da ake kira Naegleria fowleri da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi, tafki da kududdufi da bututan da kulorin ya ƙare a cikinsu. In ka sha ta ba abin da zata maka, amma in ta shiga ta hanci ta haura sama tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa, kuma in ta kai kusan ba'a tashi, cikin mutum ɗari sama da 97 rasuwa suke. A 2012 wani Musulmi ɗan shekara 47 ya rasu a tsibirin St. Thomas na Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bincika ta danganta abin da shaƙa ruwan alwala daga ruwan gidansa da ba'a sa wa magani ba. A Karachi ta Pakistan ma an sha samun irin haka. Sannan a 2024 wata dattijuwa 'yar shekara 71 ta rasu a jihar Tekzas bayan ta wanke hancinta da ruwan famfon cikin RV a wani zango, CDC ta fitar da rahoton a 2025. Ba su samu ƙwayar a ruwan da suka ɗiba daga baya ba, amma sun ga ruwan motar bashi da isasshen maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Ba don in tada hankalin kowa na kawo wannan ba, abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, a duk faɗin Amurka galibi ko mutum goma ba'a samu a shekara, kuma yawancinsu wanka suka shiga a tafki lokacin zafi. Ajali kuma na Allah ne. Amma ka duba yanayin, tankin roba ne a ƙarƙashin mota, ta yini a rana a Tekzas ko Arizona ko Fulorida cikin watan Yuli, ruwan ciki yayi ɗumi, ya kwana bakwai ko goma, ga tiyo shimfiɗe a kan kwalta. In akwai inda mutum zai ɗauki sababi toh nan ne, kuma sababin ba tsada. Mafi inganci shine ruwan da aka tafasa minti ɗaya ya huce, in kana kan tudu sama da ƙafa 6,500 kamar wurare da yawa a Kolorado sai minti uku, ko kuma ruwan distil, wanda aka tace ta hanyar tururi, na galan da ake sayarwa a shago. A shawarar da CDC ta bayar bayan lamarin 2012 har da ruwan da ya bi ta filta mai maikiron 1 absolute ko ƙasa da haka. Mu a motarmu butocin alwala daban suke, ba'a cika su a famfon banɗaki ko na waje, daga ƙaramin famfon kicin ake cikawa, in kuma zafi yayi tsanani ko ruwan tanki ya kwana biyu maman yara takan tafasa babbar tukunya da daddare a juye a jarka, da asuba ya huce. Yara ma sun saba, ƙaramin in ya ga baƙo ya nufi banɗaki da buta sai yace Baffa ba nan ake ɗiba ba.

Wannan ƙaramin famfon shine zuciyar tsarin da nake ba kowa shawara. Ruwan RV kashi biyu ne, na wanka da wanke-wanke da masai wanda shine kusan duka, da kuma na sha da girki da alwala wanda bai fi galan kaɗan ba a rana. Ba dalili ka tace su iri ɗaya. A waje, daga bakin famfon zango, regileta mai rage ƙarfin ruwa nake fara ɗaurawa, don bututan RV ƙarfin ruwa 40 zuwa 60 suke so a ma'aunin psi, wasu zangunan kuwa nasu yana haura 100 musamman da dare in kowa ya kwanta, sai ka farka ka tarar da ruwa a ƙarƙashin kabad. Ka sayi ta tagulla mai agogo wadda ake iya juyawa kuma aka rubuta ba dalma a jikinta, ka sa ta a farko don ta kare har tiyo da filtar. Bayanta sai tiyon ruwan sha, farin nan ko shuɗi, ba koren tiyon ban ruwan fulawa ba wanda ke sa ruwa warin roba kuma ba'a yi shi don sha ba. Sai kwanson filta mai inci 10 da katirij ɗinsa, wato matatar cikinsa da ake zarewa a canza, na tare laka mai maikiron 5. Shikenan na waje. A ciki kuma ƙarƙashin wurin wanke-wanke akwai dunƙulallen gawayi mai rabin maikiron da lamba 53, da ɗan famfonsa daban.

Inci 10 ɗin nan da gangan na ambace shi, shine girman da kowa ke ƙerawa, duk garin da ka shiga akwai shagon kayan gini da zaka samu katirij ɗinsa da 'yan daloli kaɗan, ba sai ka jira wani kamfani ɗaya ya aiko maka ba kana tsakiyar daji. In zaka iya ka sayi kwanso mai garai-garai wanda ake hango ciki, sai dai ka dinga rufe shi daga rana don gansakuka na fitowa. Akwai wani zango da muka sauka a yammacin Tekzas, katirij sabo fari fat na saka ranar da muka iso, da zamu tashi na kwance kwanson na zaro shi ya koma ruwan ƙasa kamar an tsoma shi a kunun kanwa, na shafa yatsa a jiki tsatsa ta biyo hannuna, a gindin kwanson kuma ga yashi lallausa ya kwanta. Da ba ya nan duk wannan a hitar ruwan zafi da kan shawa da bawul ɗin masai zai je ya zauna.

Me yasa ba zan sa mai rabin maikiron ɗin a waje ba kowane famfo ya samu? Dalili biyu ne. Na farko yana shaƙe ƙarfin ruwa, ga regileta ga shi, shawa sai ta koma ɗigo, kuma yana saurin toshewa tunda duk ruwan motar ta cikinsa zai bi. Na biyun yafi muhimmanci kuma shine mutane basa lura da shi. Gawayi aikinsa cire kulorin, kulorin ɗin kuwa shine ke gadin ruwa yana hana ƙwayoyin cuta hayayyafa. In ka cika tanki ta cikin gawayi ka cire mai gadin kenan ka ajiye ruwan a wuri mai ɗumi da duhu. Gara ka bar kulorin ya shiga tanki yayi zamansa, ka cire shi a ƙarshe, a bakin kofi. Mun taɓa tattauna wannan da wani dattijo maƙwabcinmu a zango wanda shi da matarsa a motar suke zaune shekara da shekaru, yana da irin manyan nan masu kwanso uku a jere cikin firam na ƙarfe irin na kamfanin Clearsource, yace shi komai tacewa yake don fatar matarsa bata son kulorin, kuma tankinsa baya wuce kwana uku bai ƙare ba. Na yarda da shi, ga wanda ruwansa baya kwana kuma kullum yana jone da famfo tsarinsa yayi daidai, kuma kayan masu kyau ne. Amma irinmu da muke fita ƙarshen mako ko hutun makaranta mu dawo mu ajiye mota sati uku, namu daban ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Duk filtar da ka saya kuma in tankin da datti aikin banza kayi. Wankin tanki ba wuya, rubu'in kofi na bilic ga kowane galan 15, bilic zalla marar ƙamshi, ka dama shi da ruwa a bokiti tukuna ka zuba, ka cika tanki, ka buɗe kowane famfo na zafi da na sanyi har sai ka ji warinsa ya fito, ka rufe ka barshi aƙalla awa huɗu, ka zubar ka sake cikawa ka ɗauraye har warin ya tafi. Ka cire katirij ɗin gawayi kafin ka fara, in ba haka ba zai shanye bilic ɗin ya mutu a banza, bututun da ke bayansa kuma bai wanku ba. Farkon kakar tafiya dole ne, haka in mota ta daɗe a ajiye, haka in hannu na biyu ka saya ko haya ka ɗauka, don baka san tarihin tankin ba. Masu haya ma ni shawarata kar su sha ruwan tankin kwata-kwata, su yi wanka da shi su sayi na sha da na alwala a shago.

Wani lokaci zaka ji ruwa na warin ruɓaɓɓen ƙwai ka ɗauka filta ce ta mutu. Gwada na sanyi ka gwada na zafi. In na zafi ne kaɗai toh daga hita ne, ƙwayoyin da ke cin sinadarin farar wuta ne suka zauna a ciki, wani lokaci da taimakon sandar ƙarfen nan da ake sawa a hitocin kamfanin Suburban don hana tsatsa. Juye hitar zakayi ka wanke ta, ka duba sandar in ta cinye ka canza, sabuwar filta ba zata taɓa warin ba. Ruwa baya tsami banza, amma sai ka gano ta ina tsamin ya fito kafin ka kashe kuɗi.

Akwai abubuwan da gawayi baya iyawa ko nawa ka saye shi. Ruwa mai nauyi, wanda sabulu baya kumfa a ciki kuma yake barin farin ɓarɓashi a butar shayi da kan shawa, kalsiyam ne da magniziyam narke a ciki, ya yi yawa a Arizona da Tekzas da Fulorida, wannan sai 'yar tukunyar tausasa ruwa da ake farfaɗo da ita da gishirin girki. Ba cuta yake sawa ba, kaya yake lalatawa, in sati ɗaya zakayi a can bai kai ka ɗauki nauyinta ba, in damina guda ko hunturu zakayi toh ta cancanta. Shi kuma injin RO, irin wanda masu fiya wata ke amfani da shi a gida, yana cire kusan komai har gishiri da arsenik da naitiret, amma yana zubar da ruwa, na gargajiya galan uku ko huɗu yake zubarwa kafin ya baka ɗaya, wanda in kana daji da tankin galan 40 ba zai yiwu ba. A Quartzsite ta Arizona, inda dubban masu RV ke taruwa cikin sahara duk watan Janairu a filayen gwamnati, ruwan garin zartsi ne da shi, mutane jarkoki suke ɗauka su je wuraren sayar da ruwan RO su cika da kuɗi kaɗan, kuma a ganina wannan yafi hankali a kan ka girka injin a mota. Fitilar UV tana kashe bakteriya da bairos, akwai ƙanana masu bolt 12 da ake sawa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, amma sai ruwan ya zama garai don in da laka ƙwayoyin na ɓuya a bayanta, wato bayan filta ake sa ta ba a madadinta ba. Ga mai yawan cika tanki a rijiyoyin da ba kulorin, ita zan ce ya ƙara.

Ɗan ma'aunin nan na TDS mai kama da biro da ake tsomawa a kofi, narkakkun ma'adinai kawai yake aunawa. Baya ganin ƙwayar cuta, baya ganin dalma a ƙanƙanin adadin da take cutarwa, kuma lambarsa ba zata sauka ba don ruwa ya bi ta gawayi, kar kace an cuce ka.

Masu jarirai dan Allah ku kula da wannan. A yankunan noma irin su Iowa da Nebraska takin zamani yana sauka cikin ruwan rijiya ya zama naitiret, iyakar da doka ta yarda miligiram 10 ne a lita, in ya wuce yana hana jinin jaririn da bai kai wata shida ba ɗaukar iska har leɓɓansa su canza kala. Gawayi baya cire shi, tafasawa kuwa ƙara masa ƙarfi take don ruwan ne ke ƙonewa shi yana nan. Madarar jariri a hanya da ruwan gora za'a haɗa ta, ba ja-in-ja a wannan.

Sabuwar filtar gawayi in ka ɗaura kar ka jona ta da mota nan take, ka buɗe ruwa ya bi ta cikinta ya zuba ƙasa, zaka ga ya fito baƙi-baƙi da farko, ƙurar gawayi ce, sai ya washe sannan ka jona. Shuɗiyar ta tiyo wata uku ko kakar tafiya ɗaya ce rayuwarta, ta laka kuma idonka ne zai gaya maka ko in ka ji ƙarfin ruwa ya ragu, ta ƙarƙashin kicin wata shida zuwa shekara gwargwadon abin da aka rubuta a kwalinta, ni da maka nake rubuta ranar da na saka a jikin kwanson. Abin da yafi kashe filta a wurin irinmu ba yawan aiki bane, ajiya ce. A dawo daga tafiya a jefa ta a akwatin gefen mota da ruwa a cikinta, ta yi wata guda a zafi, ran tafiya a ɗauko a ɗaura, ruwan farko da zai fito yafi na famfon datti. In tazarar gajera ce ka tsiyaye ta ka sa a leda mai zif ka ajiye a firij, in doguwa ce ka yar ka sayi wata. Tiyo ma ka tsiyaye shi ka haɗa bakinsa biyu da juna kar ƙwaro ko ƙasa su shiga, kuma kar ya taɓa kwana a akwati ɗaya da kayan masai. Waɗanda ke jihohin sanyi kuma kafin hunturu a cire duk katirij a juye kwanso, ruwa in ya daskare fasa shi yake, wani tsagin ma ido baya gani, sannan kar a bar ruwan nan na hana daskarewa mai launin ruwan hoda ya bi ta cikin filta.

In kuɗi ne matsala ga yadda zan jera, regileta da tiyon sha da kwalbar bilic tukuna, don su ko filta babu dole ne. Sai ta ƙarƙashin kicin mai lamba 53, in ba zaka iya huda kantar kicin ba akwai masu ɗaurawa a bakin famfo, ka dai tabbatar takardarta ta ambaci su Giardia. Sai ta laka a waje. Duka ba zasu kai kuɗin cika tankin mai na babbar RV sau ɗaya ba. Masu kwanso uku da UV da tukunyar tausasa ruwa sai tafiyarka ta nuna maka kana buƙatarsu.

Sai wurin juye tankin masai da ke bakin fita daga zango ko a wasu gidajen mai. Akwai famfo a wurin da ɗan guntun tiyo, sau da yawa an shafa masa jan fenti ko an kafa allo cewa ba na sha bane, na ɗauraye kayan ƙazanta ne. Ko tankinka ya ƙafe ƙaf kar ka cika a nan, ko da wace irin filta kake da ita. Famfon ruwan sha yana can gaba nesa da ramin, in baka gan shi ba ka shiga ofis ka tambaya.